Tukunyar Unguwa da Wuta Mai Kukan Zuma

Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ke riƙe da zance. Ban taɓa zama a aji ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya. In ta gama kuma zan sa wani ya karanta mini, don ita ma ban sakar mata duka ba. To, ku kasa kunne. Babu gizo a ciki, babu ƙoƙi. Abin da idona ya gani ne da abin da hancina ya shaƙa.

A ƙauyenmu, can gefen Zoza, akwai wata babbar tukunya. Mu muna ce wa ƙarfenta goran ruwa, yaran yanzu suna cewa alminiyam. Mace ɗaya ba ta iya ɗaukarta. Ba ta kowa ba ce, ta matan unguwa ce baki ɗaya. Muna da ƙuruciya muka yi ta kalar gyaɗa a gonakin da aka gama cirewa, kaka bayan kaka, muna tarawa wuri ɗaya, har aka kai wa masu zubin tukwane suka zuba mana ita. Matan da muka sunkuya tare a gonakin nan duk ƙasa ta rufe su. Ni kaɗai na rage, shi ya sa tukunyar take kwana a ɗakina. Suna, biki, sadakar mamaci, walimar sauka, a cikinta ake dafawa. Mai bukata ta aiko, a ɗauka, a dawo da ita da ɗan tukuici a ciki, gishiri ko sabulu ko goro, don ba a mai da tukunyar aro haka nan ciki fayau.

Tana da murya. In ka buga mata muciya a gefe, sai ta ce gauuu, ta ja, ta ja, kamar ba za ta daina ba. Ko a bayan katanga aka buga ta na san ita ce.

Wata kaka, bayan an shigar da amfanin gona, hidimomi suka haɗu. Tukunya ta fita daga ɗakina zuwa gidan suna. Daga can ba ta dawo ba, aka wuce da ita gidan biki. Daga gidan biki aka wuce da ita gidan mai unguwa, inda aka yi walima. Ba haka aka saba ba. Ran da ta dawo, na ɗaga murfi na ga tukuici: sabulu, da gishiri, da goro, da ƙullin daddawa, har da turare. Alheri in ya wuce ƙa'ida, akwai abin da yake rufewa. Na ɗauki muciya na buga. Ta ce ƙwas. Kamar an bugi busasshiyar ƙwarya.

Na jawo ta rana, na kankare baƙin gindinta da wuƙa. Ga tsaga nan, ta taso daga gindi ta hau gefe, tsawonta ya kai taƙi. An cusa mata sabulu da toka, an shafe da baƙin tukunya, an lailaye. Hannun da ya yi aikin nan ba na yaro ba ne.

Kafin in buɗe baki, magana ta riga ni fita. Da yamma sai ga uwargidan mai unguwa ta yi sallama. Muka gaisa, gajiya, iyali, sanyi, jiki da jini. Ta zauna a bakin tabarma tana kallon tukunyar ta gefen ido.

Ta ce, "Iya, ashe abin da ya faru ke nan. Allah Ya mai da alheri. Ai ta yi ƙoƙari, komai da ƙarshensa."

Na ce, "Wa ya gaya miki, Hajiya? Ni dai ban gaya wa kowa ba."

Ta ce, "Haba Iya, unguwar nan ana ɓoye wani abu? Shawara ce dai muka yi. A kai ta wajen masu zubi su narkar, a zubo sabuwa. Sabuwar kuma a ajiye ta a wajenmu, ke ma ki huta. Ido ya yi rauni, jiki ya yi nauyi."

Na ce, "Idon da ya yi rauni shi ya gano sabulun."

Ta yi 'yar dariya, ta gyara mayafi. Ni ban yi ba. Na san in tukunyar nan ta shiga wutar masu zubi, babu abin da zai rage na matan nan da suka tafi, kuma za a ce a hannuna ta lalace. Na ce a ba ni lokaci in nemi magani.

Ɗana ne ya ce akwai wani mai walda a Karaye, wajen Unguwar Hajji, da ke liƙe injinan ban ruwa na masu noman rani. Wai waldar agon ake ce wa irin tasa, kuma tana kama goran ruwa. Na ce ban taɓa jin wutar da ta kama goran ruwa ba tare da ta cinye shi ba. Ya ce shi zai kai, in zauna a gida. Na ce tukunyar nan ta yi yawon gidaje ba ni sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya. Da sassafe aka ɗora mu a a-kori-kura, ni da ita. Na zauna a gaba, amma wuyana ya ƙage don waiwaye.

Ɗana ya sauke mu a bakin rumfar waldar, ya wuce sabgarsa. Mai waldar magidanci ne, amma a haife jikana zai yi. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya kawo benci. Da ya miƙe sai ya ce, "Amarya, irin wannan tukunya haka? Gara kika kawo mini tun kafin a ɗaura?"

Na ce, "Miji mara cefane, wa zai kawo maka gara? Duba mini ita, ka faɗi gaskiya, ka ji tsoron Allah."

Ya kifa ta, ya bi tsagar da yatsa, ya daina dariya. Ya ce za ta yi, amma in bar ta in dawo gobe. Idona ya sauka a kan wani tsibi a bayan rumfarsa: fasassun tukwane, murafai, kunnuwan da suka ɓalle, duk goran ruwa. Na ce a raina, waɗannan ma da masu su, su ma an ce musu su dawo gobe.

Na ce, "Ina nan. In kwana ne ma, a kan bencin nan zan kwana."

Ya ce to, amma akwai aiki a gabana, sai in yi haƙuri. Wani mai kantin sayar da madara ne ya kawo tankin silba, irin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Na zauna ina lura. Akwai wani dogon tulun ƙarfe a tsaye kamar mutum, an ɗaure shi da sarƙa. Akwai akwati mai maɓallai da yawa. Daga akwatin igiya ta fito, a bakinta wani abu kamar alƙalami, da ɗan kofi ruwan hoda, da allura ta leƙo daga ciki. Ya wasa allurar nan ta yi tsini. Ya murɗa maɓalli, ya rufe fuskarsa da baƙar hula, ya ce in kau da kai.

Na san waldar masu ƙofofi, mai tartsatsi da hayaƙi da ƙara. Wannan babu ko ɗaya. Wani ɗan huci kawai take yi, sss, kamar maciji a ciyawa. Da ya gama na leƙa. Ɗinkin ya kwanta lumui, ruwan zinariya, kamar an jera ƙwayar gero. Na ce a raina, to, wannan wuta mai ladabi ce, in dai ita za a sa wa tukunyata, da sauƙi.

Da aka zo kan tawa, abu na farko da ya ɗauko injin huji ne. Kafin in ce uffan ya huda rami a ƙarshen tsagar ta sama. Ya juya zai huda na ƙasa. Na miƙe tsaye.

"Kai! Tsaga ɗaya na kawo maka, kana ƙara mini ramuka?"

Ya ce, "Iya, tsaga tafiya take yi. In ba a tare ta da rami ba, ina sa wuta za ta ruga har baki. Kamar yagewar zane ce, in ba a ƙulle bakin ba."

Na ce, "Zane na sani. Zane ba a huda shi don a gyara."

Ya ce, "To ki zauna ki gani."

Na zauna, amma a bakin bencin. Ya huda na ƙasan, sannan ya ɗauko wani injin ya dinga ƙwaƙule tsagar yana faɗaɗa ta, garin ƙarfe yana zuba ƙasa yana ƙyalli. Na sa ido in ga ko zai share ya tara. Ana cikin haka injin ya yi wata ƙara daban, tartsatsi ya tashi ja. Ya tsaya cak.

Ya ce, "Goran ruwa ba ya tartsatsi. Akwai baƙo a cikin nan."

Ya ɗauko ɗan kurfi da guduma, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya sa filaya ya zaro. Guntuwar ƙusa ce. An buga ta a inda tsagar ta fi faɗi, an daddaƙe kanta ciki da waje don ta toshe. Irin ƙusar rufin kwano ce, mai hula, an yanke ta.

Ya ce, "Wa ya yi miki wannan? Da ƙaramar tsaga ce. Dukan ƙusar nan ne ya ja ta har nan."

Na ce, "Ba ni."

Na ƙulle ta a gefen zanena. Na tambaye shi, tunda ƙarfe ne mai ƙarfi, me ya sa ba zai bar ta ya narkar da su tare ba? Ya ce baƙin ƙarfe da goran ruwa ba sa haɗa jini. Kafin ƙarfe ya fara jin zafi, goran ruwa ya zama ruwa ya gudu. In ma an tilasta su suka riƙe juna, wurin zai yi gautsi, ran da aka ɗora a murhu ya ɓalle. Ya ce ko burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe ba ya kusantar da shi. Ya nuna mini wani burushi da ya rataye shi kaɗai a ƙusa, a cikin leda. Ban ce na yarda ba. Amma na riƙe maganar, don na ga bai yi inda-inda ba.

Sai ya hura gawayi a wani rabin ganga, ya ɗora tukunyar a kai babu komai a cikinta. Duk macen da ta san girki ta san ba a ɗora tukunya a wuta ba ruwa. Na faɗa masa. Ya ce kaurinta ya yi yawa, in bai ɗumama ta ba za ta shanye zafin allurarsa ta raba wa jikinta, wurin ɗinki bai samu ba. Kuma akwai abin da yake so ya fito.

Ba a jima ba bakin tsagar ya fara gumi. Wani baƙin ruwa mai kauri ya dinga tsattsafowa daga cikin ƙarfen kansa, yana tafasa yana hayaƙi. Na ce, "Me ka zuba mata? Na ga hannunka ya wuce ta nan."

Ya ce, "Ni? Matso ki shinshina, amarya."

Na matsa. Man gyaɗa ne. Ba sabo ba, tsoho, irin ƙaurin da ke kama rufin madafa. A bayansa akwai albasa, akwai daddawa. Na tuna hannun da ya fara zuba mai a tukunyar nan, ranar da muka kawo ta, muna guɗa. Na tuna sadakar da aka dafa a cikinta ran da mai hannun ta rasu. Ashe duk yana nan a cikin ƙarfe, bai tafi ko'ina ba.

Ya ce tukwanen zubi haka suke, jikinsu da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, suna shan mai shekara da shekaru. In bai fitar da shi ba, ɗinkin zai yi kumfa ya zama rariya. Ya goge, ya gasa, ya goge da burushin nan na cikin leda, ya sake gasawa, har gumin ya ƙafe. Wannan kam ban yi musu ba. Hancina ne ya ba da shaida, ba bakinsa ba.

Aka kira azahar. Ya tafi masallaci, matar maƙwabcinsa ta shigar da ni gida na yi tawa. Na idar da sauri na fito, na tarar da ita inda na bar ta. Duk da haka na duba ɗan tabon da ke kunnenta na hagu, wanda ni kaɗai na san da shi.

Da ya dawo sai ya fara abin da ya fi tayar mini da hankali. Ya jawo fallayen kwano ya kewaye tukunyar, ya rataya buhu ta inda iska ke shigowa. Ya cire allurar nan mai tsini ya sa wata mai kauri, bakinta a dunƙule. Ya murɗa maɓallin da bai taɓa ba lokacin aikin mai madara. Ya ce, "Iya, juya baya, kada ki kalla."

Na ce, "Ka kewaye ta da kwano, ka sauya allura, ka ce in juya baya. Ko ɗan fashi ya fi ka kunya."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce dogon tulun nan iska ce a ciki, agon, ba ta ci da wuta, ba ta wari. Aikinta ta lulluɓe narkakken ƙarfe kamar mayafi don kada iskar duniya ta taɓa shi ya ƙone. In iskar waje ta kaɗa, sai ta yaye mayafin. Shi ya sa ya kare. Hasken kuma yana dafa ido, in kwana ina jin kamar an zuba mini yashi.

Na ce, "Iskar da ba a gani, ba a shinshinawa, ba ta ci da wuta. Wa ya shaida akwai ta a ciki?"

Ya danna wani abu ya kara mini bakin kofin a bayan hannu. Na ji sanyi-sanyi yana hurowa. Na ce to, akwai wani abu. Ko mene ne, Allah Ya sani.

Ya shiga bayan kwanon ya tayar da wuta. Jama'a! Ba hucin nan mai ladabi ba ne. Wani kuka ne, zzzz, kamar an taɓa amyar zuma, injin wutarsa na waje har ya sauya numfashi. Na buga sandata a jikin kwanon.

"Tsaya! Tsaya nan! Mai madara ka ba shi wuta mai hankali, ni da na zo daga ƙauye ka ba ni mahaukaciya? Wancan maɓallin da ka murɗa, na gan ka. Mai da shi inda yake."

Ya ɗaga hularsa, gumi yana zuba. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce akwatin nan wuta iri biyu yake bayarwa. Ɗaya suna ce mata disi, hanya ɗaya take bi, ba ta waiwaye, ita ce ta silba da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe. Ɗaya kuma esi, kai da komo take yi, da sauri ƙwarai, shi ne kukan da nake ji. Goran ruwa yana da wata fata a bayansa, siririya, amma ta fi naman jikinsa taurin kai a wuta. In wutar ta tafi sai ta narkar da naman, in ta komo sai ta fasa fatar. In aka ba shi mai hanya ɗaya, ciki zai narke fatar tana nan a rufe.

Na ce, "Baki dai ba ya gajiya."

Ya ce, "To je ki tsibin can ki zaɓo guntu da hannunki, kada ki ce na zaɓi mai lahani."

Na je na tona har ƙasa, na ɗauko gefen wata tukunya mai kauri irin tawa. Ya ɗauko wata baƙar hular ya miƙo mini. Na yi bismilla na ɗora ta a kan hijabina. Duniya ta yi duhu ɗum. Ya mai da maɓalli inda yake a aikin mai madara, ya tayar.

Ta cikin baƙin gilashin na ga wata 'yar wuta kore-kore, shiru. Ƙarfen bai yi ƙyalli ba. Ya yamutse, ya yi dauɗa, ya tattare kamar yanar da ke kan kunu in ya huce. Ana ganin abu yana motsi a ƙarƙashin yanar, amma ba ta buɗe ba. Sai kawai wurin ya rufta, ya bar rami, babban yatsa zai shige.

Ya ce, "Ga wutar masu hankali. In sa wa tukunyarki?"

Ya murɗa, zumar nan ta dawo. Ya matsa gefe a kan guntun. Na ga yanar tana tsagewa tana gudu gefe-gefe, sai ga wani ɗan tafki ya buɗe a tsakiya, fari tas, yana sheƙi kamar madubi. Ya ɗauko siririyar sanda ta goran ruwa da ɗaya hannun yana tsoma bakinta a tafkin, ɗis, ya matsa, ɗis, ya matsa.

Na ce, "Ci gaba da tawa. Amma hular nan ba zan cire ba, kuma a cikin kwanon zan zauna."

Haka aka yi. Ya jawo mini kujera 'yar tsugune har gindin tukunya. Aikin bai tafi sumul ba, kada jikata ta rubuta cewa ya tafi. Da ya fara, tafkin ya yi baƙi-baƙi, wani datti yana tasowa. Ya tsaya ya ce masu zubi ba sa zaɓe, duk abin da suka samu suke narkawa, tsohon inji, gwangwani, murfin babur, shi ya sa kowace tukunya da halinta. Ya taɓa wani ƙaramin maɓalli, ya ce ya ƙara wa komowar wutar rabo don ta fi wankewa, ko da za ta rage nutsewa. Na ce me ya sa bai ƙure shi tun farko ba? Ya ce in ya ƙure, allurar ce za ta sha zafin, bakinta ya narke ya faɗa cikin ɗinkin. Ya ƙwaƙule wurin da ya yi baƙi, ya goge, ya sake. A gindi, inda take da kauri, ya ƙara ƙarfin wuta. Da ya hau gefe, inda ta sirance don shekarun kankara, ya rage. Ya cike ramukan nan biyu da ya huda. Ya juya ta ya bi ta ciki. Da ya kai ƙarshe ya kashe wutar amma bai ɗaga hannunsa ba, ya bar iskar nan tana hurawa a wurin. Na ce me kake jira? Ya ce ba a yaye wa mai zazzaɓi bargo da sauri.

Na cire hula. Ɗinkin ya kwanta kamar ƙashin bayan kifi, da wani fari-fari a gefensa kamar an barbaɗa gari. Bai yi kyan na mai madara ba, na kuwa faɗa masa. Ya ce na mai madara bai taɓa dafa sadaka ba. Na ɗebo ruwa a buta zan zuba in gwada, ya tare ni da sauri, ya ce in bar ta ta huce don kanta, in ba haka ba sabuwar tsaga za ta fito kusa da tsohuwa. Muka jira har bayan la'asar. Aka cika ta da ruwa. Na sa busasshen tsumma a ƙarƙashi, na zauna ina kallo. Tsumma bai jiƙe ba.

Sai na ɗaga sandata na buga mata a gefe. Ta ce gauu. Ta ja, amma ba ta kai inda take kaiwa da ba, kuma muryar ta ɗan yi ƙasa, kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

Na ce, "Ka rage mata wani abu."

Ya ce, "Na rage mata ƙusa. Amarya, in ta zubar, ki dawo ki ɗaure ni da sarƙar tulun nan."

Na ce, "Zan dawo ko ba ta zubar ba, in ga ko tsibin nan ya ƙaru."

Kwana kaɗan bayan haka aka yi haihuwa a unguwa. Ban bari an ɗauke ta a ɓoye ba. Na sa aka fito da ita tsakar gidana, na aika aka kira mata, har da uwargidan mai unguwa. Aka ɗora ta a murhu, aka cika ta, aka hura wuta sosai. Ta tafasa, ta yi ta tafasa. Babu ɗigo ko ɗaya da ya faɗa a toka.

Hajiya ta karɓi muciya ta buga. Ta karkata kai. Ta ce, "Iya, anya ita ce? Muryar ba haka na san ta ba. Masu waldar nan fa sai a hankali, kada a ce an musanya miki."

Na ce, "A gindinta na wuni, Hajiya. Ga tabon kunnenta nan. Muryarta kuwa dole ta sauya, an yi mata rauni."

Na kwance gefen zanena, na ɗauko guntuwar ƙusar, na ajiye a kan murfin da ke kife a ƙasa. Ta yi 'yar ƙara, ƙil. Na ce, "Wannan aka ciro daga cikinta. Ban san mai ita ba. In akwai wadda rufin gidanta ya rasa ƙusa ɗaya, ga ta nan."

Ban kalli ƙusar ba, fuskoki na kalla. Matar gidan suna ta sunkuya tana gyara goyo. Matar gidan biki ta ce, "Ikon Allah," ta ja shi da tsawo fiye da kima. Hajiya ta ce rana ta yi, a fara wanke shinkafa. A cikin gidajen nan uku, biyu sun yi sabon rufi a shekarar, kuma gidan mai unguwa yana ciki. Matar gida na ukun kuma mijinta kafinta ne. To, ku gaya mini.

Babu wadda ta ɗauki ƙusar. Babu kuma wadda ta sake ta da maganar masu zubi, har yau.

Tukunya tana nan a ɗakina, a bayan ƙofa. Amma na sa doka. Ba ta wucewa daga gida zuwa gida, sai ta dawo ta kwana a wajena. In za ta fita, a gaban mai aro nake buga ta, mu ji tare. In ta dawo, kafin in dubi tukuici, sai na sake bugawa, na kifa ta na bi ɗinkin nan da farce daga gindi har gefe. Bai taɓa motsi ba. Ban ce ba zai motsa ba.

Ƙusar tana cikin ɗan gwangwanin da nake ajiye allura. Jikata ta ce in jefar, abu ya wuce. Na ce ta rubuta abin da aka ce ta rubuta. Na gaya mata inda gwangwanin yake, da yadda ake riƙe muciya, da daidai wurin da ake bugawa, ɗan ƙasa da kunnen hagu. Ran da ba na nan, kada ta saurari bakin mai dawo da aro. Ta saurari tukunyar.